Korona Ce Ko Ciwon Suga? Tambayar Da Ta Ɓatar Da Mu, Da Aikin Da Ke Gaban Ƙasar Gumel

Duk wanda ya bi labarai a watan Afrilu na shekarar 2020 ba zai manta da yadda masu haƙar kabari a birnin Kano suka fara kokawa kan yawan gawarwakin da ake kawo musu ba, fiye da yadda suka saba gani nesa ba kusa ba. Malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa da dattawan unguwanni suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Bayanin farko da ya fito daga gwamnatin jihar shi ne, hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suke ɗaukar mutane. Nan take gari ya rabu gida biyu, masu cewa korona ce ake ɓoyewa, da masu cewa babu wata korona, ciwon da mutum yake da shi ne ya tashi. Ba a jima ba irin wannan labari ya ɓullo daga Haɗeja, maƙwabciyarmu mu mutanen ƙasar Gumel, da kuma Azare a Jihar Bauchi, kuma amsar da aka fi ji ba ta yi nisa da ta Kano ba: tsofaffi ne masu ciwo a jikinsu tun da can.

Sai a watan Yuni na wannan shekara Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi a Kano ta hanyar tambayar iyalan mamatan. An ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, mafi yawansu sun haura shekara 65, fiye da rabinsu a gida suka cika, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen korona ce ta jawo su ko ta zama sanadinsu, a kan ciwukan da mutanen suke da su.

Ni harshe na karanta, shi nake koyarwa, don haka abin da ya fi tsaya mini a wancan ce-ce-ku-ce shi ne 'yar kalmar nan "ko". Korona ce ko suga? Korona ce ko hawan jini? Tambayar ta ɗauka cewa dole ɗaya ya kore ɗaya, alhali abin da likitocin duniya suka gano tun daga wancan lokaci ya nuna cewa a jikin dattijo mai suga ko hawan jini, cutar korona mai tsanani ta hanyar waɗannan ciwukan take yin ɓarnarta. Duka ɓangarorin biyu suna riƙe da gaskiya, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta akuya yana rantsuwa tasa ce dabbar gaba ɗaya.

Sunan da muka raɗa wa cutar ma ya taimaka wajen ɓatar da mu. Kafofin labarai na Hausa sun kira ta cutar numfashi, wasu suka ce sarƙe numfashi. Suna ne mai kyau, ya kama abin da ido ke gani, amma ya tsayar da hankalin mai sauraro a ƙirji. Shi kuwa aikin da jiki ke yi dare da rana na mayar da tuwo da fura su zama ƙarfi, da daidaita suga da kitse da gishiri da ruwa a cikin jini, har yau ba mu da kalma ɗaya tsayayya da muke kiransa da ita a Hausa. Bari in kira shi aikin sarrafawa. A nan ne korona ta fi kayar da masu suga, kuma abin da ba shi da suna yana da wuyar shiga sanarwar rediyo.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar ba da ka take shiga jiki ba. Akwai wata 'yar ƙofa a bangon ƙwayoyin halittar jikinmu da masana suka laƙaba wa suna ACE2, ita take kamawa ta kutsa ciki. Ƙofar tana cikin huhu, amma akwai ta a zuciya da ƙoda da hanji da shimfiɗar cikin hanyoyin jini, har da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas, mai samar da sinadarin insulin. (Masu fassara da yawa kan kira wannan gaɓa saifa, alhali saifa daban take, aikinta ma daban.) Ita wannan ƙofa tana da aikinta na asali, wato karya lagon wani sinadari mai suna anjiyotensin, wanda ke matse hanyoyin jini, ya kuma sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Birki ce ke nan. Bayanin da masana da dama suka karkata a kai shi ne, idan ƙwayar cuta ta mamaye ƙofar sai birkin ya yi rauni, hanyoyin jini su ƙuntata su kumbura, a wasu majinyatan kuma gishirin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, ya riƙa zuba ta fitsari. Mutumin da hawan jini ya shekara goma yana cin zuciyarsa da ƙodarsa a ɓoye, ba shi da rarar ƙarfin da zai jure wannan.

Batun suga ya fi wannan tsawo, kuma ya fi shi haɗari. Jiki idan ya ga yaƙi rumbu yake buɗewa. Sinadaran fargaba irin su kotisol da adirenalin suna umartar hanta ta saki sugan da ta adana, ta kuma ƙera sabo, domin gaɓoɓi su sami abin da za su ƙona. Insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sugan hanya ya bar jini ya shiga tsoka. To amma kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa idan ta yi fushi fiye da kima yana sa kwaɗon ya ƙi jin mabuɗi. Mai lafiya fankiriyas ɗinsa zai ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Mai ciwon suga kuwa dama nasa bai isa ba, ko kuma jikinsa ya daɗe da daina jin sa. Sai suga ya taru a jini ya yi ta hawa, tsoka kuma tana zaune da yunwa, kamar gidan da hatsi ya cika tsakar gida amma an kulle madafa.

Daga nan abubuwa biyu kan faru. Ƙoda ta yi ƙoƙarin zubar da sugan, shi kuwa ba ya fita sai ya ja ruwa, sai majinyaci ya yi ta fitsari da ƙishirwa, jini ya yi kauri, hankali ya fara gushewa. Ko kuma jiki ya koma ƙona kitse da gaggawa, wanda ke barin wani dusa da ake kira kiton, shi kuma ya tsamama jini. Alamunsa su ne amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri da magagi, daga ƙarshe suma. Likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton ganin wannan hali a masu korona, har da waɗanda ba a taɓa sanin suna da suga ba, da kuma majinyatan da suka buƙaci insulin mai yawan da ba a saba ba su ba. A gefe guda ƙarancin iskar oksijin yana ƙara wa jinin tsami, jiki yana cin tsokarsa, furotin ɗin jini yana raguwa, ma'aunin kitsen jini ma yana birkicewa.

Kuma abin zagaye yake yi. Yawan suga a jini yana sanyaya gwiwar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Campinas ta Brazil a 2020 ya nuna ƙwayar korona ta fi hayayyafa a cikin wasu daga cikin waɗannan sojoji idan suga ya yi yawa a kewayensu. Cuta ta ɗaga suga, suga ya ciyar da cuta. A kan wannan kuma sai daskarewar jini, domin korona mai tsanani tana sa jini ya riƙa yin guda-guda a cikin hanyoyin da dama suga da hawan jini sun riga sun kankare. Gudan ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa a ce shanyewar ɓarin jiki, ya toshe ta zuciya a ce bugun zuciya, ƙoda ta tsaya a ce ciwon ƙoda. Duk wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ambaci wanda ya kunna wutar ba.

Alƙaluma sun tabbatar da haka tun da wuri. A watan Fabrairu na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayanin mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu: waɗanda suka mutu kashi 2.3 ne cikin 100, amma a masu suga kashi 7.3, a masu hawan jini kashi 6. A Ingila, cikin mutum 23,698 da korona ta kashe a asibitoci daga 1 ga Maris zuwa 11 ga Mayu na 2020, kusan ɗaya cikin uku masu suga ne. Adalci ne a ƙara da cewa bincike a can Ingilar ya nuna idan aka cire tasirin tsufa da sauran ciwuka, rabon hawan jini shi kaɗai yana raguwa ƙwarai. Ɓarnar da ya riga ya yi wa zuciya da ƙoda ita ce ke magana. Amma alƙalamin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne na lardin Hubei, inda aka duba majinyata 7,337, cikinsu 952 masu suga. Waɗanda aka iya riƙe sugansu a daidai yayin jinya, kimanin ɗaya cikin 100 ne suka mutu. Waɗanda nasu ya ƙwace, 11 cikin 100. Ciwo ɗaya, cuta ɗaya, bambancin sani ne da kulawa.

To, mu dawo gida. Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗa Masarautar Gumel: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta gero da riɗi da zoɓo da dabbobi, a bakin iyakar Nijar. Lokacin da annobar ta iso arewa ana tsakiyar bazara, zafi na haura digiri 40, kuma azumin wannan shekarar ya kama ne a ranar 24 ga Afrilu. Mai karatu ya haɗa wannan da abin da na faɗa game da fitsari da kaurin jini, ya ga halin da dattijo mai sugan da bai san da shi ba zai shiga idan zazzaɓi ya kama shi a irin wannan lokaci. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, amma sai wanda ya san ba shi da lafiya ne zai karɓi rangwamen. Ga shi an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, masu zuwa Kano ganin likita, tafiyar da ta haura kilomita 100, suka zauna a gida. Aljihu ma ba lafiya: iyakar Maigatari tana rufe tun watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamba na 2020, kuma kowa ya san abin da kasuwar Alhamis ta Maigatari take nufi ga cikin mutanen wannan yanki. Magidancin da ciniki ya tsaya masa, tsakanin kwanon gero da katin maganin hawan jini, ba sai an tambaye shi wanda zai saya ba.

Ainihin matsalar ita ce rashin sani. Hukumar masu ciwon suga ta duniya ta ce a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba, kuma babu nahiyar da ta kai mu a wannan. Wani nazari da aka buga a 2021 ya kiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya suna da hawan jini, waɗanda suka san da shi a cikinsu ba su kai ɗaya cikin uku ba, masu shan magani kuwa sun fi haka ƙaranci. A nan ma harshe yana da laifi. "Ciwon suga" a kunnen manomin Sule Tankarkar ciwon masu kuɗi ne, masu shan shayi da madara da lemon kwalba. Shi da tuwon gero ne abincinsa me ya haɗa shi da suga? Bai san tuwo da shinkafa da burodi duk suga suke komawa a ciki ba, kuma gado da shekaru da ƙiba suna da hannu. "Hawan jini" kuwa mun ɗaure shi da tunani da ɓacin rai, shi ya sa uwa kan ce wa ɗanta kada ya sa mata hawan jini. Saboda haka mutum mai haƙuri, wanda ba ya jin ciwon kai, yana ganin ya tsira, alhali ciwon yakan shekara da shekaru ba alama, yana samun taki daga gishiri da dunƙulen da muke zubawa a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Idan mutum ya rasu kuma, sanarwarmu jimla biyu take da su: "bayan gajeriyar rashin lafiya" ko "bayan doguwar jinya". Ladabi ne, ban ƙi shi ba, kuma gaggauta jana'iza addini ne. Amma gari ba zai iya tsara kiwon lafiyarsa da waɗannan jimloli biyu ba. Nijeriya ta rubuta mutuwar mutum dubu uku da 'yan kai ne kacal daga korona, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta rarar mace-mace miliyan 14.9 a duniya cikin 2020 da 2021, kusan ninki uku na abin da ƙasashe suka bayyana. Wanda ba a gwada shi yana raye ba, ba a rubuta sanadinsa ya mutu ba, ba ya cikin lissafin kowa.

Akwai wani haɗari da ya kamata masu kemis su ji. A watan Yuni na 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford suka nuna cewa deksametason, magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a majinyatan da ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar a waɗanda ake ba oksijin. Waɗanda ciwonsu bai kai haka ba bai amfane su da komai ba. Labarin ya zagaya, sharaɗin bai zagaya ba. Shi kuwa wannan magani yana ɗaga suga ƙwarai, yana kuma raunana garkuwar jiki, kuma shi ne dai wasu ke sha a garuruwanmu don ciwon gaɓoɓi ko don neman ƙiba, ba da takardar likita ba. Indiya ta ga sakamakon a 2021, lokacin da fiye da mutum 40,000 suka kamu da wata muguwar cutar fumfuna mai cin hanci da ido, akasarinsu masu suga da aka ɗura wa irin wannan magani. A ɗaya ɓangaren kuma, jita-jitar da ta yaɗu a farkon annobar cewa magungunan hawan jini irin su lisinofiril da losatan suna buɗe wa korona ƙofa, gwaje-gwaje sun rushe ta, kuma ƙungiyoyin likitocin zuciya sun ce a ci gaba da sha.

Wani zai ce korona ta wuce, a bar kaza cikin gashinta. Gaskiya ne a ranar 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta, amma ƙwayar ba ta bar duniya ba, kuma ta bar wasiyya: wani bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka kimanin 181,000, da aka buga a 2022, ya nuna waɗanda suka warke daga korona sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon suga da kusan kashi 40 cikin 100 a cikin shekara guda. Bayan haka, buɗe rumbun nan da na kwatanta ba korona kaɗai ke jawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon huhu da mura mai ƙarfi da gyambon ƙafa duk suna iya birkita sugan mai suga, kuma waɗannan ba sa jiran sanarwar annoba, kowace damina da kowane hunturu suna nan.

Magani kuma ya ƙara nisa da talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki Naira a tsakiyar 2023, farashin magungunan da ake shigo da su ya tashi, kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, Sanofi mai yin insulin ya mayar da rabon kayansa hannun dillali. Duk wani shiri na rangwame ko magani kyauta abin yabo ne, amma wanda ya san yana da ciwon kaɗai yake kaiwa gare shi. Shi ya sa a nawa ganin kuɗin farko awo ya kamata ya ci. Na'urar awon jini da ta gwajin suga ba su kai kuɗin tunkiya ba, kuma aikin minti biyar ne. Rumfa ɗaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da ma'aikatan lafiya biyu, za ta ga mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar da na tsallaken iyaka waɗanda ba za su taɓa taka asibiti da ƙafarsu ba. Lambobin da za a sanar da su biyu ne: awon jini da ya kai 140 bisa 90 a aune-aune daban-daban, da sugan safe kafin karyawa da ya kai 7 a ma'aunin milimol, ko 126 a na miligiram. Ajiyar insulin inda babu wuta ma tana da mafita ta gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kuma irin wannan sanyaya ta ƙasa masu suga a ƙasashe masu zafi suna amfani da ita.

Saura namu, mu masu harshe. Akwai malaman Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel, akwai likitoci da ma'aikatan jinya a Babban Asibitin Gumel, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a hau mota ba. Su zauna su fitar da shafi ɗaya, cikin Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, kan abin da mai suga ko hawan jini zai yi ranar da zazzaɓi ya kama shi: kada ya ajiye insulin don ya kasa cin abinci, ya yawaita gwaji da shan ruwa, kada ya karɓi deksametason daga kan teburin kemis, ya tambayi ma'aikacin lafiya game da ƙwayoyinsa idan amai ko gudawa suka zo, domin akwai waɗanda ake dakatarwa a irin wannan hali; idan kuwa aka ga numfashi mai zurfi ko magagi ko fitsari ya ɗauke, asibiti za a nufa a wannan daren. A karanta shi a Rediyon Jigawa, a ba limamai da masu unguwanni. Su kuma dagatai, da dama su ake fara sanar wa idan an yi rasuwa, a ba kowannensu littafi mai layi huɗu: shekarun mamaci, kwanakin jinyarsa, alamun da aka gani, da ko an taɓa auna jininsa ko sugansa.